Yadda Za Ka Gane Irin Kwarmin Ƙafarka, da Lokacin da Ya Dace Ka Damu

Mutum yakan girma har furfura ta fito masa bai taɓa juya tafin ƙafarsa ya duba da kyau ba, sai ranar da wani ya ga sawunsa a jiƙe ya ce, "Af, ashe ƙafarka a shafe take!" Daga ranar sai zullumi ya shiga. Iyaye ma haka suke: su ga yaro ɗan shekara biyu yana tafiya tafinsa ya manne da ƙasa, ba alamar kwarmi, su shiga neman takalmin gyara. A mafi yawan lokuta babu abin da ya lalace, balle a gyara.

Kwarmin ƙafa, wato lanƙwasar nan ta tsakiyar tafi wadda ba ta taɓa ƙasa idan ka tsaya, a wajen wani mai zurfi ne, a wajen wani matsakaici, a wajen wani kuwa kusan babu shi. Duka ukun ana samun su a ƙafafu masu ƙoshin lafiya. Idan likitan ƙashi ya kama ƙafarka, zurfin kwarmi ba shi ne babban abin da yake nema ba. So yake ya san ko tana ciwo, ko tana lanƙwasuwa ko ta ƙage, ko dama da hagu sun yi kama da juna, sannan ko siffarta tana canzawa. Matakan da ke tafe za su ba ka amsar waɗannan a gida, cikin abin da bai wuce rabin sa'a ba.

Abin da ke ƙarƙashin fata

Kowace ƙafa tana da ƙashi 26 da gaɓa 33, kuma ba a shimfiɗe aka jera su ba. Lanƙwasa uku suka yi. Babbar ita ce ta gefen ciki, daga diddige zuwa gindin babban yatsa, ita ce kowa yake gani. Ta biyu tana gefen waje, daga diddige zuwa ƙaramin yatsa. Gajera ce, shi ya sa gefen wajen ƙafa yake taɓa ƙasa a wajen yawancin mutane. Ta uku ta ratsa ƙafar a gicciye daga gefe zuwa gefe, ido ba ya kama ta sosai, amma wani bincike da aka wallafa a 2020 ya nuna ita kaɗai ke ba da sama da kashi 40 cikin 100 na ƙarfin da ke hana ƙafa lanƙwashewa ta tsawonta.

Ka ɗauki ƙasusuwan nan a matsayin baka, ita kuwa faffaɗar jijiyar da ta taso daga diddige ta bi ƙarƙashin tafi ta kama gindin yatsu, ita ce tsirkiya. Idan ka taka, bakan ya buɗe kaɗan, tsirkiya ta miƙe. Idan ka ɗaga, ta dawo da shi, ta tura ka gaba. A 1987 masu bincike a Jami'ar Lids ta Ingila sun auna wannan, suka ƙiyasta cewa kwarmin ƙafa yana adanawa ya kuma mayar da kusan kashi 17 cikin 100 na kuzarin kowane taku a lokacin gudu. Akwai kuma wata agara da ta sauko daga ƙwauri, ta bi bayan idon sawun ciki, ta kama tsakiyar ƙafa ta ɗaga ta sama. Riƙe ta a zuciyarka, don ita ce kan gaza a wajen manya.

Abin lura a nan shi ne, an yi kwarmi ne domin ya motsa. Saukar da yake yi idan an ɗora masa nauyi aikinsa ke nan, ba aibu ba ne.

Kayan aiki

Faranti mai faɗi ko daro da ruwa kaɗan a ciki, kwali ko takarda mai kauri wadda ke nuna jiƙa, biro, rula, ƙaramin kati, wayar da ke ɗaukar hoto, da takalmin da ka fi daɗewa kana sawa. Ka samu wanda zai taimaka maka, don wasu gwaje-gwajen ba sa yiwuwa kai kaɗai. Wurin ya zama daɓe mai tauri, ba kafet ba. Duk abin da ka yi wa ƙafar dama, ka yi wa ta hagu.

Mataki na 1: Sawun ruwa

Shimfiɗa kwalin kusa da farantin. Tsoma tafin ƙafa ɗaya, ka girgiza ta kaɗan kada ruwa ya riƙa ɗiga, sannan ka taka kwalin ka tsaya a miƙe, nauyinka ya rabu daidai a kan ƙafa biyu. Kada ka sunkuya kana leƙe, yin haka yana karkatar da nauyi. Ɗaga ƙafar sama kai tsaye, ka yi maza ka zagaye sawun da biro tun bai bushe ba.

Yanzu dubi tsakiyar sawun, wurin da ya haɗa diddige da gaban ƙafa. Idan ɗamarar da ta haɗa su ta kai kamar rabin faɗin ƙafar, gefen ciki kuma ya lotsa, kwarminka matsakaici ne. Idan sawun ya fito kusan cikakke, lotsawar kaɗan ce ko babu, har wani lokaci gefen ciki ya ɗan turo waje, ƙafarka shafaffiya ce. Idan ɗamarar siririya ce ƙwarai, ko ma ta yanke, diddige ya zauna daban gaba ya zauna daban, kwarminka mai zurfi ne.

Mai son lamba ya ɗauki rula. Auna faɗin wuri mafi siranta a tsakiya, ka auna wuri mafi faɗi a diddige, ka raba na farko da na biyu. Misali, tsakiya santimita 3, diddige santimita 6, ya ba ka 0.5. Wani likitan ƙashin yara a Amurka, Lynn Staheli, shi da abokan aikinsa sun yi wannan awon a kan mutum 441, daga ɗan shekara 1 har ɗan shekara 80, suka wallafa a 1987. Abin da suka samu shi ne, bayan an wuce ƙuruciya, duk abin da ya faɗa tsakanin 0.3 da 1.0 yana cikin abin da aka saba gani. Dubi faɗin wannan tazara da kyau. Mai 0.9, wanda sawunsa ya kusa cika, da mai 0.35, wanda nasa ya kusa yankewa, duka suna ciki.

Sai dai kada ka ba sawun ruwa matsayin da bai kai ba. Nama yake nunawa, ba ƙashi ba. Mai ƙiba, ko mai kaurin tsokar tafi, sawunsa kan fito a cike alhali ƙasusuwansa sun lanƙwasa daidai. Kuma hoton ƙafa ne a tsaye cik, bai ce komai ba game da yadda take aiki a tafiya. Mutane da yawa a nan suke tsayawa su yanke wa kansu hukunci, alhali matakan gaba sun fi shi muhimmanci nesa ba kusa ba.

Mataki na 2: A zaune, sannan a tsaye

Zauna a kujera, ka ɗora ƙafa ɗaya a kan gwiwar ɗayar, ka sake ta. Akwai kwarmi? Sai ka miƙe ka sake dubawa, ko a ɗaukar maka hoto daga gefen ciki, wayar tana dab da ƙasa. Idan kwarmi yana nan a zaune ya ɓace a tsaye, wannan ita ce shafaffiyar ƙafa mai laushi, wadda ta fi kowace yawa kuma ta fi ƙarancin matsala. Idan a zaune ma a shafe take, a tsaye ma haka, ka sa alama a nan.

Mataki na 3: Ɗage

Wannan ne gwajin da na fi ba muhimmanci. Fuskanci bango, ka dafa shi da yatsun hannu don kada ka yi tangaɗi, amma ban da jingina. Ɗaga diddigenka biyu sama iya iyawarka, ka tsaya a kan yatsu. Mai taimaka maka ya tsuguna a bayanka ya lura da abu biyu: shin kwarmi ya bayyana, kuma shin diddigen sun juyo ciki suna fuskantar juna kaɗan? Idan duka biyun sun faru, gaɓoɓin bayan ƙafarka a sake suke, agarar da ke ɗaga kwarmi kuma tana aiki, komai shafewar sawunka.

Daga nan ɗaga ƙafa ɗaya daga ƙasa, ka yi ɗage a kan ɗayar ita kaɗai, gwiwa a miƙe. Baligi mai lafiya yakan yi wannan sau da dama a jere. Wanda ya kasa ko sau ɗaya a ƙafa guda alhali ɗayar tana yi, ko ya ji zafi ya tsaga bayan idon sawun ciki, ko diddigensa ya tashi amma ya ƙi juyowa ciki, to agarar nan ce ake tuhuma. Tsoho na iya kasawa saboda raunin tsoka kawai, shi ya sa kwatanta dama da hagu ya fi ƙirga adadi amfani.

Mataki na 4: Ɗaga babban yatsa

Tsaya yadda ka saba, ka saki jiki. Mai taimaka maka ya kama babban yatsanka ya ɗaga shi sama a hankali, sauran ƙafar tana ƙasa. Da yake jijiyar tafi ta kewaya gindin yatsan, ɗaga shi yana tamke ta, sai ka ga kwarmi ya tashi da kansa, ƙwauri ma ya ɗan juya waje. Wani masani mai suna Hicks ne ya bayyana yadda wannan ke aiki a 1954, kuma abin da ke faruwa ke nan a kowane taku lokacin da diddige ya bar ƙasa. Idan kwarmin ya tashi, ƙafar mai laushi ce. Wannan gwajin ya fi dacewa da ƙananan yara waɗanda ba za su tsaya su yi maka ɗage ba.

Mataki na 5: Hoto daga baya da daga gaba

Tsaya ƙafafu a ware daidai faɗin kwatangwalo, gwiwoyi suna kallon gaba. A ɗauki hoto daga baya, wayar a ƙasa, a tsakiya daidai. Bi agarar diddige da ido daga sha-raɓa zuwa ƙasa. Ta sauko a miƙe, ko diddigen ya ɗan karkata waje kaɗan, duka daidai ne. Sai ka ƙirga yatsun da ke leƙowa ta gefen waje. Abin da aka saba gani shi ne ƙaramin yatsa da wani ɓangare na mai bi masa. Idan uku ko huɗu suka fito, gaban ƙafar ya baje waje. A ƙafa biyu daidai-wa-daida, tun tasowarka, wannan halitta ce kawai. A ƙafa ɗaya, labari ya sha bamban.

Sai hoto daga gaba. A ƙa'ida bai kamata a hango gefen cikin diddige daga gaba ba, ƙafar ta rufe shi. Idan yana leƙowa, diddigen ya karkata ciki, alama ce ta kwarmi mai zurfi ko da sawun ruwa bai nuna ba. Dubi yatsu ma: a miƙe suke kwance, ko sun tanƙware sun ƙudundune?

Mataki na 6: Auna saukar kwarmi

Wannan na mai son ƙarin tabbaci ne, ana iya tsallake shi. Shafa gefen cikin ƙafarka, ƙasa da idon sawu kuma gaba da shi kamar faɗin yatsa biyu, za ka ji wani ƙashi ya turo. Likitoci suna kiransa nabikula. Ɗiga masa biro. Zauna, tafi a ƙasa ba tare da ka danna ba, idon sawu a tsaye bai faɗa ciki ko waje ba. A jingina kati a tsaye kusa da ƙafar a yi alama daidai ɗigon. Miƙe tsaye a sake yin alama. Tazarar alamomin biyu ita ce saukar kwarminka. Ƙasa da milimita 10 abu ne da aka saba gani. Masana sun saɓa a kan inda yawa yake farawa, wasu sun ce 10, wasu 15, kuma awon gida yana da kuskure, don haka bambancin dama da hagu shi ne abin dubawa.

Mataki na 7: Sha-raɓa

Mutane kan manta da wannan, alhali sau da yawa nan ne tushen ciwon. Fuskanci bango, babban yatsa nesa da shi kamar santimita 10. Tura gwiwa gaba ta taɓa bangon, diddige yana manne da ƙasa, gwiwar tana bin saitin yatsa na biyu. Idan ba ta kai ba sai diddige ya tashi ko ƙafar ta faɗa ciki, matsa kusa har ka samu inda take kaiwa, ka auna. Agarar diddige da ta ɗaure tana hana idon sawu lanƙwasawa, sai tsakiyar ƙafa ta biya bashin: ta riƙa karyewa ƙasa a kowane taku.

Mataki na 8: Tsohon takalmi da kanta

Ɗora takalmin a kan tebur ka dube shi daga baya. Cinyewa a gefen wajen diddige ta baya ba komai ba ce, nan yawancin mutane suke fara taka ƙasa. Idan jikin takalmin ya kwanta ciki, ƙafar tana faɗawa ciki sosai. Idan gefen waje ya cinye tun daga diddige har ƙaramin yatsa, irin takun mai zurfin kwarmi ne. Kanta, wato taurin fatar tafi, ita ma tana ba da shaida: mai zurfin kwarmi takan fito masa a gindin babban yatsa da gindin ƙarami, don nan da diddige ne kaɗai ke ɗaukar nauyinsa.

Yadda za ka fassara abin da ka gani

Idan kwarminka matsakaici ne, ba ciwo, ƙafa biyu sun yi kama, magana ta ƙare.

Idan shafaffiya ce amma kwarmi ya fito a zaune, ya fito a ɗage, kuma ba ta ciwo, kai ma ta ƙare. Na san wannan yana da wuyar karɓa, don an daɗe ana ɗaukar shafaffiyar ƙafa a matsayin naƙasa. Akwai lokacin da rundunonin soja suke mayar da mutum gida saboda ita. Amma daga sojojin ne aka samu hujjar da ta rushe wannan zato. A 1947 likitoci biyu, Harris da Beath, sun fitar da rahoton duba ƙafafun sojojin Kanada 3,619. Kusan kashi 23 cikin 100 shafaffiyar ƙafa gare su. Daga cikin waɗannan, kusan biyu bisa uku mai laushi ce wadda ba ta hana su komai. Masu kuka da ciwo sun fi yawa a rukuni biyu: kusan rubu'i waɗanda agarar diddigensu ta yi gajarta, da ƙasa da ɗaya cikin goma waɗanda ƙafarsu ta ƙage. Dalilin saka mataki na 3 da na 7 ke nan. Bayan haka, a 1993, aka wallafa wani bincike da ya bi kuratan sojan Amurka 246 cikin horo, aka tarar masu kwarmi mafi zurfi sun fi masu shafaffiyar ƙafa samun rauni.

Wannan ya kawo mu kan mai zurfin kwarmi, wanda mutane ke yi wa kallon mai kyakkyawar ƙafa. Irin wannan ƙafar takan yi tauri, ba ta sauka ta shanye bugun ƙasa, nauyi kuma ya taru a ɗan ƙaramin wuri. Sakamakonsa yawan gurɗewar idon sawu, ciwo a gindin yatsu, wani lokaci tsagewar ƙashi a wajen masu gudu. Duk da haka, idan haka kake tun yarinta, ƙafa biyu iri ɗaya, ba ciwo, ba ƙaruwa, ba cuta ba ce. Inda ake tsayawa a bincika shi ne idan zurfin yana ƙaruwa, yatsu suna tanƙwarewa, ƙwauri yana ramewa, ko mutum yana yawan tuntuɓe. A nan sau da yawa matsalar ba a ƙafa take ba, a jijiyoyin laka take. Wadda aka fi samu ita ce cutar gado mai suna Charcot-Marie-Tooth, da aka bayyana a 1886, wadda ke shafar kimanin mutum 1 cikin 2,500. Shan-inna da matsalolin lakar gadon baya ma suna jawo haka. Ka tambaya ko akwai masu irin ƙafar a dangi.

Idan yaro ne

Jarirai duka da shafaffiyar ƙafa ake haihuwarsu: kitse ya cike kwarmin, gaɓoɓi kuma sakwa-sakwa. Kwarmi yana fitowa sannu a hankali cikin shekaru goma na farko. A birnin Biyana na Ostiriya an duba yara 835 masu shekara 3 zuwa 6, aka wallafa a 2006: kashi 54 cikin 100 na 'yan shekara 3 ƙafarsu a shafe take, amma a 'yan shekara 6 adadin ya sauko zuwa kashi 24. Masu ainihin matsala ba su kai kashi 1 ba. Amma ɗaya cikin goma na yaran yana sanye da abin tallafar kwarmi, kuma masu binciken sun ce sama da kashi 90 cikin 100 na wannan magani ba a bukatarsa.

Takalmin gyara fa? An gwada shi. A birnin Dalas na Amurka an raba yara masu shafaffiyar ƙafa mai laushi gida huɗu, wasu aka ba su takalmin gyara, wasu abin da ke riƙe diddige, wasu shimfiɗar da aka ƙera daidai ƙafarsu, wasu ba a yi musu komai ba. Bayan shekara uku, a rahoton 1989, duka sun samu ci gaba, kuma babu rukunin da ya fi wani. Girma ne ya yi aikin. A Indiya kuwa, binciken yara 2,300 da aka wallafa a 1992 ya samu shafaffiyar ƙafa a kashi 8.6 cikin 100 na masu sa takalmi, kashi 2.8 kacal a marasa sawa. Wannan bai tabbatar da cewa takalmi ne sanadi ba, amma ya isa ya sa a bar yaro ya yi wasa ba takalmi a wuri mai tsabta wanda ba abin da zai soke shi.

Yaron da za a kai asibiti shi ne mai kukan ciwo a wuri guda, mai ɗingishi, wanda ƙafa ɗaya ta bambanta da ɗayar, ko wanda kwarminsa ya ƙi fitowa a ɗage. Tsakanin shekara 8 zuwa 16 akan ga ƙafa ta ƙage tana ciwo saboda ƙasusuwa biyu na bayan ƙafa da aka haife shi da su a manne, sai yanzu haɗin ya yi tauri. Jaririn da tafinsa ya bunƙuso ƙasa, ƙafar kuma ta ƙi lanƙwasuwa a hannu, shi ma a nuna wa likita da wuri.

Alamomin da ba a jira da su

Baligin da kwarminsa ɗaya ya fara sauka, da zafi ko kumburi a bayan idon sawun ciki, kada ya ce gajiya ce. Lalacewar agarar nan da ke ɗaga kwarmi ta fi kama mata da suka haura shekara 40, da masu ƙiba, hawan jini ko ciwon sukari. Tun da wuri ana shawo kanta da takalmin tallafi da motsa jiki. Idan aka bari, ƙafar takan ƙage a karkace, sai tiyata.

Mai ciwon sukari da ya ga ƙafarsa ɗaya ta kumbura, ta yi ja, ta fi ɗayar ɗumi, ya je asibiti a ranar, ko da ba ya jin zafi, kuma ya daina taka ta. Rashin zafin shi ne haɗarin: jijiyoyin ji sun mutu, ƙasusuwan tsakiyar ƙafa suna iya rugujewa yana tafiya a kansu. Shi kam tafiya ba takalmi ba tasa ba ce.

Haka nan duk canjin siffa bayan faɗuwa ko haɗari, da sagewar ƙafa, da kasa ɗaga gabanta a tafiya.

Akwai canjin da ba na tsoro ba ne. Juna biyu takan sauke kwarmi kaɗan: wani bincike a Jami'ar Ayowa ta Amurka a kan mata 49, wanda ya fito a 2013, ya ga kwarmi ya ragu, ƙafa ta ƙara tsawo da milimita 2 zuwa 10 a wajen da yawansu, musamman a cikin fari, kuma bai koma ba bayan haihuwa. Maganinsa takalmi mai ɗan girma.

Abin yi idan akwai ɗan ciwo, babu alamar haɗari

Fara da sha-raɓa. Dafa bango, ƙafar da ke ciwo a baya, gwiwa a miƙe, diddige a ƙasa, yatsu suna kallon gaba. Karkata gaba har ka ji ta ja, ka riƙe daƙiƙa 30, sau uku, safe da yamma. Maimaita da gwiwa a ɗan lanƙwashe. Mai shafaffiyar ƙafa ya kula kada kwarmin ya faɗa ciki yana yi, in ba haka ba tsakiyar ƙafar yake miƙarwa, ba agara ba.

Sai ƙarfafa tafi. A zaune, ƙafa a ƙasa, jawo gindin babban yatsa zuwa wajen diddige ba tare da ka naɗe yatsu ba, har kwarmi ya ɗan tashi. Riƙe daƙiƙa biyar, ka saki, sau goma. Da farko za ka ji kamar ƙafar ba ta jin umarni, haka kowa yake farawa. Idan ka iya, koma yi a tsaye. Haɗa da ɗage a hankali, hawa da sauka. Waɗannan ba za su mayar da shafaffiyar ƙafa mai kwarmi ba, juriya suke ƙara mata.

Game da takalmi, ba ni da goyon bayan a zaɓar wa mutum takalmi daga siffar sawunsa kawai. Sojojin Amurka sun gwada haka a kan kurata sama da 7,000: wasu aka ba su takalmin gudu bisa siffar tafinsu, wasu aka ba su iri ɗaya ba tare da an duba ba, yawan rauni bai bambanta ba. A Denmak ma an bi sababbin masu gudu 927 tsawon shekara guda, duka da takalmi iri ɗaya marar tallafi na musamman, kuma waɗanda ƙafarsu ke faɗawa ciki daidai gwargwado ba su fi saura rauni ba. Don haka zaɓi wanda ka ji daɗinsa a tafiya, mai faɗin gaba, da rata kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmin. Gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Shafaffiyar ƙafa mai gajiya takan so mai ƙarfin diddige wanda ba ya murɗuwa a tsakiya. Mai zurfin kwarmi takan so mai laushin ƙasa da zurfin ciki. Shimfiɗar cikin takalmi tana rage ciwo a wajen wasu, amma ba ta sake ƙera ƙafa, da ka cire ta ƙafar ta koma yadda take. Fara da wadda aka riga aka yi kafin ka nemi a auna maka ta musamman.

Idan mako shida zuwa takwas sun wuce ba sauƙi, ga likitan ƙashi ko likitan fisiyo, wato mai magani ta hanyar motsa jiki da gaɓoɓi. Rubuta kwanan wata a kan kwalin sawunka ka ajiye tare da hotunan, domin su ne za su nuna ko siffar tana canzawa idan aka sake yi bayan wata shida ko shekara. Ka tafi da su, da tsohon takalmin. Idan za a ɗauki hoton ƙashi don duba kwarmi, a tsaye ake ɗaukarsa kana taka ƙafar, domin na kwance ba ya nuna yadda ƙasusuwan suke zama a ƙarƙashin nauyi.